Gwaggonni Uku da Motar Ramlatu

Ku matso nan inuwa, ku bar tsintar shinkafar nan tukuna, ba guduwa za ta yi ba. Ke mai waya, kife ta a cinya. Yau ba tatsuniyar dauri na kawo muku ba, magana ce da zafinta. Jibi ne suna a gidan Alhaji Shitu mai hatsi, rago yana ɗaure, goro ya zaga gari, amma har yanzu ba a san sunan da za a raɗa wa jaririyar ba. Ku buɗe kunne da kyau, don in na kai ƙarshe ku za ku yanke hukunci.

Alhaji Shitu, na nan Funtuwa, 'ya'ya biyu Allah ya ba shi. Babban shi ne Nafi'u, wanda ke aiki can Fatakwal, sai auta Ramlatu. Uwarsu ta rasu Ramlatu tana rarrafe, don haka ƙannen Alhaji mata su uku ne suka raine ta: Gwaggo Hansatu, Gwaggo Zuwaira da Gwaggo Kubura. Wannan ta yi mata kitso, waccan ta kai ta makaranta, ɗayar ta kwana da ita in zazzaɓi ya tashi. Duk wadda kika tambaya a cikinsu za ta ce miki ita ce uwar Ramlatu, sauran biyun 'yan taya raino ne.

Da yarinya ta kai shekara goma sha takwas, Alhaji ya yi mata alkawari: in ta ci jarrabawa ta samu shiga kwaleji, zai saya mata mota. Ba don gata kaɗai ba. Idonsa ya fara rauni, yana son mai kai shi asibiti da kasuwa, kuma ya tsani ganin 'yarsa a bayan ɗan acaɓa. Ramlatu ta duƙufa, ta ci jarrabawa da kyau, ta koyi tuƙi, ta karɓo lasisi. Ranar da sakamako ya fito, wallahi daga gidana na ji ihunta. Ta fito tsakar gida ba ɗankwali, tana tsalle tana rungumar duk wanda ta tarar, har da ni da na shiga aron turmi.

Ita dai ta riga ta zaɓi motarta tun tuni, hotonta na cikin wayarta, kowa sai ta nuna masa. Baƙa wuluk, mai sheƙi, cikinta kamar zai taɓa ƙasa, gilashinta baƙi, kuma otomatik, wato irin wadda ke sauya giya da kanta. Sai Alhaji ya tara ƙannensa ya ce, "Ni idona ba ya rarrabe mota mai kyau da gwangwani. Ku kuka raini yarinyar nan, ku za ku zaɓa mata. Kowacce na ba ta sharaɗi ɗaya, kuma ba wadda za ta taka na 'yar'uwarta." Ramlatu ta yi dariya, a zatonta gwaggonni ai sai abin da take so. Yarinya ba ta san su ba.

Aka ɗunguma Kano, wurin dillalan motoci 'yan Kwatano. Ku hango mata uku manya, kowacce ta ci ado kamar za ta ɗaurin aure, suna ratsa layin motoci, Ramlatu na gaba tana rawar kai. Dillali ya gan su ya washe baki, ya ɗauka kasuwa ta zo masa da sauƙi. Kafin la'asar sai da ya cire hula yana fifita da ita.

Gwaggo Hansatu, babbarsu, 'yar kasuwa ce. Ta yi rayuwarta tana bin kasuwannin ƙauye sayen gyaɗa da wake, ba hanyar da ba ta ci ƙurarta da taɓonta ba. Ita ko kallon fuskar mota ba ta yi. Duk wadda aka nuna mata, sai ta tattare zani ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashinta. Da suka zo kan baƙar motar Ramlatu, ta zura hannu tsakanin cikin motar da ƙasa, ta miƙe tana kaɗe gwiwa ta ce, "Wannan ai ko kwatamin ƙofar gidanmu ba za ta tsallake ba. Sharaɗina shi ne mai tsayi, wadda akuya za ta shige ƙarƙashinta ta fita ba ta sunkuya ba." Ramlatu ta ce, "Haba Gwaggo, ai ni a kwalta zan riƙa tafiya." Gwaggo Hansatu ta ce dangi ba a kan kwalta suke zaune ba, ta wuce gaba abinta.

Gwaggo Zuwaira, ta tsakiya, malamar makaranta ce da ta yi ritaya, kuma ita ce mace ta farko da ta tuƙa mota a unguwarmu, tun muna leƙenta ta katanga muna salati. Ita cikin mota take shiga ta zauna, ta dubi ƙafafunta. In ta ga abin takawa biyu ne kawai, sai ta fito ta rufe ƙofa. Ta ce sharaɗinta mai giyar hannu, mai kuloci. Dalilinta biyu: wanda hannunsa ke kan giya ba ya samun sararin latsa waya, sannan mai giyar hannu in batir ya mutu ana tura ta ta tashi, otomatik kuwa in ta kwanta sai an nemo bakanike. Ramlatu ta ce duk ƙawayenta otomatik suke ja, za a yi mata dariya. Gwaggo Zuwaira ta ce su yi, dariya ba ta fasa gilashi, kuma ita da kanta za ta koya mata.

Gwaggo Kubura, autarsu, mai sayar da atamfa, ita ce ta fi ba kowa mamaki. Ba ta san giya ba, ba ta san birki ba, ta dai san launi kuma ta san mutane. Da aka samu mota mai tsayi mai giyar hannu, sai ga ta toka-toka, gilashin baya baƙi. Gwaggo Kubura ta zagaya ta sau ɗaya ta ce a ɓare baƙar ledar gilashin nan tas, sannan a kai ta wurin mai fenti a mayar da ita ruwan goro. Ba ruwan goro mai kunya ba, mai ihu, irin wanda ake hangowa daga ƙarshen gari. Ta ce, "Yarinya budurwa a cikin baƙar mota mai baƙin gilashi, wa zai san inda ta je da wanda ta ɗauka? Ni ina son duk Funtuwa ta zama idona. In ta yi gudu, kafin ta iso gida labari ya riga ta." A nan ne Ramlatu ta fashe da kuka a gaban dillali.

Ranar da aka kawo mota kuwa, unguwa ta tashi. Yara suka bi ta da gudu tun daga bakin titi, mata suka fito ƙofar gida ana guɗa, tsofaffi suka dafa ta suna addu'ar Allah ya tsare, ya sa ta alheri ce. Wani mai shayi ya dube ta ya ce, "Kai, wannan ai goriya ce!" Shi ke nan suna ya bi ta. Ramlatu ta yi kwanaki tana kumbura, tana cewa an saya mata motar tallan lemo. Amma mota mota ce, jama'a. Gwaggo Zuwaira ta riƙa fita da ita filin makaranta, mota na tsalle tana mutuwa, gwaggo na faɗa, har ƙafar yarinya ta saba da kuloci. Ba a jima ba sai ga Ramlatu tana wanke Goriya safe da yamma, tana yi mata turaren wuta, wanda ya jingina da ita ma sai ya sha harara. Duk inda ta bi ana ɗaga mata hannu, masu kayan miya, 'yan acaɓa, direbobin tasha. Sau ɗaya ta taka totur a hanyar kwaleji, kafin ta dawo mutum uku sun kai wa Gwaggo Kubura rahoto.

To, ga inda maganar take. Matar Nafi'u, Safara'u, tana da cikin fari. Kamar yadda aka saba, da ciki ya tsufa sai aka mayar da ita gidan iyayenta goyon ciki, a wani ƙauye da ake kira Tudun Makera, can bayan rafi. Damina ta yi nisa. Wata safiya Alhaji ya aiki Ramlatu ta kai musu gero da kanwa da kayan yaji, don a fara shirin jego. Yarinya ta cika Goriya da kaya, ta kama hanya tana waƙe-waƙenta, ta haye rafi ruwa iya idon sawu, ta hau tudu ta tsaya a ƙofar gidan su Safara'u.

Ranar kasuwar maƙwabta ce, maza duk sun tafi, ƙauye sai mata da tsofaffi. An kuma daɗe ba wuta a garin. Da suka ga mota, sai ga mata suna ɓullowa ɗaya bayan ɗaya, kowacce da waya a hannu: "'Yar nan, taimaka ki sa mini caji." Ku kun san ba a ce wa surukai a'a. Ramlatu ta murza makulli rabi, ta jona waya, in wannan ta cika ta sa waccan, ta kuma kunna wa yara rediyo suna rawa. Injin kuwa ta bar shi a kashe, wai kada ta ƙona wa Baba mai a banza. Tata wayar da ke gab da mutuwa kuwa, ta ce sai kowa ya gama tukuna, don kunya. Haka aka wuni, wayoyin Tudun Makera suna ƙoshi, batirin Goriya yana zubewa.

Bayan azahar hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Cikin ruwan nan naƙuda ta kama Safara'u, tun lokacinta bai gama cika ba. Aka kira ungozoma, tsohuwa mai hankali. Ta duba, ta sake dubawa, ta fito ta ce wa uwar Safara'u ɗan a gicciye yake, wannan ya fi ƙarfin hannunta, in ba a kai asibiti yanzu ba za a iya rasa su duka biyun. Gida ya ruɗe da salati. Aka kinkimo Safara'u aka kwantar a kujerar baya, uwarta ta tallafe mata kai, ungozoma ta zauna a gaba. Ramlatu ta murza makulli. Mota ta yi ƙyat, ta yi shiru. Ta sake murzawa, ko ƙyat ɗin ma babu.

Ramlatu da bakinta ta faɗa mini abin da ya biyo baya. Sai muryar Gwaggo Zuwaira ta faɗo mata, yadda take yi mata tsawa a filin makaranta. Ta leƙo ta taga ta ƙwala wa matan kira su tura. Mata suka ɗaure zani, masu goyo da tsofaffi, suka dafa bayan Goriya cikin ruwa suna "Ya Allah, ya Allah!" Gidan a kan tudu yake, mota ta fara gangarawa. Ramlatu ta sa giya ta biyu, ta bari ta ɗauki gudu, ta saki kuloci. Goriya ta yi tari, ta girgiza, injin ya kama! Matan suka ɗauki guɗa a tsakiyar ruwan sama, ita kuwa ko waiwaye ba ta yi ba.

Da suka iso rafi, ruwan da ta bari iya idon sawu ya kai gwiwar babban mutum, ja wur, yana tafe da kara da rassan itace. Ga wata ƙaramar mota can gefe, mai ita ya gwada shiga ruwa ya shaƙe ta, ya bar ta ya tafi neman taimako. Uwar Safara'u ta ce a koma, ungozoma ta ce komawa ita ce mutuwar. Ramlatu ta yi bisimilla, ta sa giya ta ɗaya, ta shiga a hankali ba ta ɗaga ƙafa ba. Ruwa ya riƙa dukan ƙofa, yana lasar ƙasan motar, amma bai kai ga inda injin ke shaƙar iska ba. Taya ta kama dutse, ta kama yashi, Goriya ta ratsa ta fito ɗaya gefen tana zubar da ruwa kamar saniyar da ta haye kogi.

Sai dai murna ba ta daɗe ba. Gaɓar wancan gefen hawa ce, ga taɓo. Safara'u ta ƙwalla wata ƙara, Ramlatu ta firgita, ƙafarta ta zame daga kuloci, mota ta mutu. Batir bai samu abin kirki ba a wannan 'yar tafiyar. Ba gangara, ba mai turi, daga tsofaffi biyu sai mai naƙuda. Wayar Ramlatu a mace, ta uwar Safara'u an baro ta gida cikin ruɗu, a cike taf. Yarinya ta fito cikin ruwa tana ihu tana ɗaga gyale, amma ƙarar ruwa ta shanye muryarta.

Can nesa a bakin babbar hanya akwai wata rumfa, inda 'yan kasuwa da ke dawowa suka fake. Ku kun san zamanin da muke ciki: mutum ya hango baƙuwar mota mai duhun gilashi tsaye a bakin rafi cikin daji, ba matsowa zai yi ba, canza hanya zai yi. Toka-toka kuwa a cikin wannan ruwan ko ganinta ba za a yi ba. Amma wani mai sayar da barkono ya ƙyalla ido ya ga wani abu ruwan goro yana haske a cikin hazon ruwa. Ya ce, "Kai, waccan ba Goriya ba ce? Motar 'yar Alhaji Shitu! Me ya tsayar da ita a rafi?" Ba wanda ya tsaya shawara. Maza suka zubar da kayansu suka kwaso a guje, suna zamewa suna tashi. Suka leƙa ta gilashi suka ga halin da ake ciki, suka sa kafaɗa, suka fitar da ita daga taɓo, suka haye da ita gaɓa suna kabbara, suka tura ta a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya har ta sake kamawa. Wasu 'yan acaɓa biyu suka shige gaba suna hon suna buɗe mata hanya har ƙofar asibiti.

Likita ta ce da an ƙara jinkiri kaɗan da sai dai haƙuri. Aka shiga da Safara'u, kafin magariba aka fito da 'ya mace, ƙatuwa, mai ƙarar murya, uwa kuma lafiya lau. Ramlatu ta zauna a dakalin asibiti, jiƙe sharkaf, tana kuka tana dariya a lokaci guda. Ni kaina da labari ya iso mini sai da na yi hawaye, na kuma yi guɗar da ta sa maƙogwarona ciwo har yau.

Nafi'u ya taso daga Fatakwal. Da ya ji yadda aka yi daki-daki, farin ciki ya ɗebe shi, ya miƙe a gaban jama'a ya yi rantsuwa cewa sunan gwaggon da sharaɗinta ya ceci matarsa da 'yarsa zai sa wa jaririyar. Bakinsa ya riga hankalinsa. Yana rufe baki ya ga gwaggonni uku sun gyara zama, kowacce tana murmushi.

Gwaggo Hansatu ta ce magana a fili take. Da an sayi baƙar motar nan mai jan ciki, da tana can cikin rafi tare da waccan ƙaramar, ko ma ruwa ya tafi da su. Turi na farko da turi na biyu duk banza ne in mota ba ta haye ruwa ba. Ta riga ta aiko da akwatin kayan jarirai, ta ce na takwararta ne.

Gwaggo Zuwaira ta ce a bi abu daga farkonsa. Da otomatik ce, da ko ƙofar gida ba a bari ba, balle a ga rafi. Sau biyu mota ta mutu, sau biyu giyar hannu ta tashe ta, kuma ƙafar da ta saki kulocin ita ta horar da ita. Ta aiko da 'yan kunnen zinariya, ta ce a huda wa mai sunanta kunne da su.

Gwaggo Kubura ta ce su yi ta faɗa. Tsayi ya kai su tsakiyar daji ya ajiye, giyar hannu kuma ba ta tura kanta. Mutane ne suka tura, mutanen kuwa launi ne ya kira su, sanin motar ne ya cire musu tsoro. Ita har ta sa an ɗinka wa jaririya riguna, duka ruwan goro.

Na ga bakinki yana motsi, ke ta gefen turmi, na san abin da za ki ce: a sa mata Ramlatu a huta. An gwada. Ramlatu ta ce ita da ta kashe batir da cajin waya ba za ta karɓi ladan gwaggonninta ba, kuma rantsuwar yayanta a kan gwaggo ta faɗa. Kada kuma wata ta ce a haɗa suna uku, liman suna ɗaya zai faɗa wa maroƙi ya sanar. Nafi'u ya kasa cin abinci, Alhaji Shitu ya ce shi idonsa ba ya gani, kada a sa shi a ciki. Jiya Nafi'u ya aiko a tambaye ni, ni kuma na ce sai na ji ta bakinku.

Ga Hansatu da ta ɗaga motar sama da ruwa, ga Zuwaira da ta sa ta tashi bayan ta mutu, ga Kubura da ta sa aka gan ta aka zo. Cire ɗaya, babu uwa babu 'ya. To, jibi da safe in liman ya tambayi Nafi'u, sunan wace ce a cikinsu ya fi cancanta ya faɗa?